Igiyar Lucille

Muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Delphine Landry tana riƙe da sitiyari a wata muguwar kwana ta Kogin Illinois, sai ga jirgin turi, irin mai tura kaya, ya ɓullo, ya jero kwale-kwalen ƙarfe shaƙe da masara a gabansa, sun cinye kogin kaf. Ɗan jirginsu mai suna Lucille kuwa, in aka gwada shi da wannan ƙato, bai wuce ƙwarya a bakin rijiya ba.

"Kira shi mana!" in ji mahaifinta, Otis, daga bayanta. "Tambaye shi ta inda yake so ki bi. Waɗannan ba su da birki."

Ta fisgo oba-oba, rediyon da jirage ke magana da juna. "Jirgin turi mai haurowa, nan Lucille ce mai gangarowa. Ta ina zan wuce, Kyaftin?"

Wata murya ta amsa a natse, kamar mai ita yana kishingiɗe a inuwa. "Lucille, bi ta haguna, ki rage gudu, ki manne da alamar bakin gaɓa. Kada ki tsorata, ina ganinki sarai. Ni ma ɗan koyo ne. Kyaftin ɗina na tsaye a ƙeyata yana hararata, na san naki ma haka yake yi."

Dariya ta kuɓuce mata. Ta bi yadda ya ce, ƙarfe ya yi ta wucewa ta gefensu kamar ba zai ƙare ba. Da suka zo daidai ɗakin tuƙi, sai wani dogon saurayi mai tabo a haɓa ya leƙo, ya ɗaga mata hula. Ta ɗaga masa hannu, ba ta ma san ta ɗaga ba.

"Ɗan banza," in ji Otis. "Oba-oba ya zama dandalin hira ke nan?"

To, ga yadda aka yi Delphine ta samu kanta a kogi. Otis kafinta ne a Mobile, ya yi ritaya. Shi da matarsa Lucille suka sayi jirgin, suka sa masa sunanta, suka kafa masa farar tuta, suka kama Babban Zagaye: su haura ta gaɓar gabas, su ratsa magudanan New York da Kanada, su faɗa manyan tafkuna, su gangaro ta koguna har su dawo inda suka tashi. Ranar da mutum ya tsallake sawunsa, ranar yake sauke fara ya ɗaga tutar zinariya. Sun kai Michigan ciwo ya kama Lucille, aka kwantar da ita a asibiti, kuma daga nan ba ta fito ba. Kafin ta cika ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Ka kai jirgin nan gida da kanka, Otis." Shi ya sa Delphine ta ɗauki hutu daga koyarwa, ta zo su ƙarasa tare.

Tun daga Chicago ya sakar mata sitiyari, wai don ta koya. Shi kuma ya karɓi aikin marigayiya, riƙon igiya a ƙofofin ruwa, wato ɗakunan da ake rufe jirgi a ciki a rage ko a ƙara ruwa don ya sauka ko ya hau. Igiyar fara ce, Lucille ta saƙa mata baki da hannunta, ta naɗe shi da shuɗin zare. Ko shanya ta Delphine ba ta isa ta yi ba.

Makonni suka wuce. Suka gama da Mississippi da tarkacen itatuwanta, suka haura Ohio, suka ɗaure a Paducah. Da yamma 'yan zagaye suka taru a bakin tasha kamar yadda suka saba, kowa da farantinsa. Delphine na zuba burodin masara, sai ta ji an ce a bayanta, "Lucille, bi ta haguna."

Saura ƙiris farantin ya suɓuce.

"Mai Murya!" ta ce, sannan kunya ta rufe ta.

"Emmett Rudd, ranki ya daɗe. Amma wannan sunan ma na karɓa." Ya cire hula. "Na ga sunan jirgin, na ce sai na zo na gaida 'yar kyaftin da ba ta kashe ni ba."

Ashe ɗan garin ne, ya sauko hutu. Aikinsu haka yake, wata guda a ruwa, wata guda a gida. Kawunsa kuma ya roƙe shi ya kai masa ɗan jirginsa, Junebug, Mobile kafin sanyi ya shigo. Ka ji fa, hanya ɗaya!

Ba kowa ya yi murna ba. Akwai Preston Hale, likitan haƙori daga Atlanta, mai wani farin jirgi har da injin wanki a ciki. Tun Michigan yake bin bayansu, yau ya kawo wa Otis gasasshen nama, gobe ya kawo wa Delphine furanni. Ba mugun mutum ba ne, sai dai in ya fara ba da labarin jirginsa, har shayinka ya huce bai kai rabi ba. Otis na son sa, don mutum ne da ake sanin inda yake kwana.

Preston ya dubi Junebug ya taɓe baki. "Wannan bahon wankan ne zai kai Mobile?"

"In ya gaji sai in ɗauke shi a ka, Likita," in ji Emmett.

Daga nan suka zama ayari. Tafkin Kentucky ya yi ja da ruwan ɗorawa da ganyen kaka, Emmett kuma kullum yana ɗan bayansu. In sun yada anga sun tsaya kwana, sai ya kamo tarwaɗa ya soya, ya miƙo a takarda. Wayar Delphine ba ta hutawa.

"'Yar Kyaftin, yau kin shiga tasha ba ki daki komai ba. Na yi alfahari da ke."

"Mai Murya, ka kula da bahonka. Na gan ka kana kwasar ruwa da gwangwani."

"Ba ruwa ba ne, hawaye ne. Tun safe ba ki waiwayo ba."

"Na waiwayo. Kai ne ba ka gani ba."

Wata yamma a bakin Kogin Tennessee, suna zaune ƙafafunsu na lilo a kan ruwa, sai ya ce, "Del, ban iya kwana-kwana ba. Tun ranar muguwar kwanar kogin nan nake jin muryarki. Ina son ki, kuma ba son hanya ba. In mun isa Mobile ina so in ga danginki."

Zuciyarta ta cika fal, har ta kasa haɗa ido da shi. "Ni ma ina son ka, Emmett. Amma Baba..."

"Zan same shi."

Ya same shi washegari, a wajen shan mai. Delphine na hango su daga saman jirgi. Sun fara lafiya lau, har suka yi musabaha. Sai ta ga Emmett bai saki hannun tsohon da wuri ba, ya sunkuya ya faɗi wata magana a hankali. Otis ya fisge hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya dawo jirgi fuskarsa a murtuke.

"Yaron nan kada ya sake ya taka min jirgi."

"Baba, me ya yi?"

"Ubana ɗan jirgin turi ne, Delphine. Na tashi ina ganin uwata a bakin taga. Ranar da aka haife ni ba ya nan, ranar da ta mutu ba ya nan. Wannan ma mijin kogi ne, ke kishi da ruwa kawai za ki yi ta yi. Ga Preston nan, mutum mai gida da ƙofa."

"Ba na son Preston."

"To ki zaɓa. In shi ne, ga tasha nan, sauka ki bi shi. Ni zan kai jirgin uwarki gida ni kaɗai."

Ya san ba za ta iya ba. Jirgi kamar nasu ba ya shiga ƙofar ruwa da mutum ɗaya, dole wani na sitiyari wani na igiya. Ta juya ta shige ɗaki ta yi kukanta. Da ta tambayi Emmett abin da ya faɗa masa, cewa ya yi, "Maganar maza ce, Del. Ki bar ni da shi, zai sauko."

Bai sauko ba. Suka shiga magudanar Tenn-Tom uba da 'ya ba mai yi wa wani magana sai ta aiki.

Ranar da abin ya faru, iska ta tashi tun da safe. Suka iso wata ƙofar ruwa mai zurfi, jirage sun yi yawa, turakan bango ba su isa ba. Mai kula da ƙofar ya yi magana ta oba-oba, ya ce Junebug ya ɗaure a jikin Lucille. Otis ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna a nan maganar mai ƙofa ita ce doka, ya haɗiye.

Kowa ya san yadda ake yi. Akwai turken ƙarfe a cikin bango wanda ke sauka tare da ruwa. Ka zagaya masa igiya, ka riƙe bakinta a hannunka. A hannu fa, ba a ɗaurewa a ƙahon jirgi, ƙarfen nan na ɗaure igiya, don turke na iya cijewa a hanya, ruwa kuma ba ya jira. Wannan shi ne darasin farko da Otis da kansa ya koya wa 'yarsa.

Aka rufe ƙofa, ruwa ya fara janyewa. Bango ya riƙa tsawo, baƙi, yana ɗigar ruwa. Delphine na sama riƙe da sitiyari, rumfa ta kare mata tsakiyar jirgi, kan mahaifinta kaɗai take gani. Iska na kaɗa su tana raba su da bango.

Sai ta ji jirgin ya yi wani irin nishi.

Ƙasa ta karkace a ƙarƙashin ƙafarta. Gefen jirgin da ke jikin bango ya ɗaga sama, gefen Junebug ya nutsa. Kofuna suka zube a kicin, wani abu ya fashe.

"Baba!" ta ƙwalla. "Sassauta! Baba, sassauta igiya!"

Ba amsa. Jirgin ya ƙara kwantawa, har ta ga ruwa ya leƙo kan dandamali. Wata mata a jirgin baya ta fasa ihu. Sai ga Emmett ya yi tsalle ya faɗo musu, wuƙa a hannunsa, ya hankaɗe tsohon gefe, ya kai sara ɗaya.

Tas! Igiyar ta tsinke kamar harbin bindiga. Jirgin ya faɗo kan ruwa da ƙarfi, Otis ya zame goshinsa ya daki ƙarfe. Mai ƙofa ya tsayar da ruwa. Da ƙyar Delphine ta yi ta wasa da inji har wani ya jefo musu igiya, sannan ta sauko da gudu.

Ta tarar da mahaifinta zaune a ƙasa, jini na zuba a fuskarsa, ya jingina da ƙahon jirgi, rigar sanyinsa yashe a kan ƙahon. Can a cikin ruwa kuwa, ga guntun farar igiya da shuɗin zarenta yana yawo.

"Ai na faɗa!" Preston ke ɗaga murya daga jirginsa. "Nauyin bahon nan ne ya ja ku! Kuma me ya kai shi yanka? Ba sai a sassauta ba?"

Delphine ta juya ga Emmett. "Igiyar a hannunsa take. Me ya sa ba ka ce ya saki ba? Ka san ta wace ce, Emmett. Na faɗa maka da bakina!"

Emmett ya dubi tsohon. Tsohon ya dubi ƙasa.

"Na yi abin da na ga ya dace, Del."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan."

"Sauka min daga jirgi," in ji Otis.

Ya sauka. Da aka buɗe ƙofar ƙasa ya kwance Junebug, ya sunkuya ya tsamo wani abu a ruwa, ya ba jirginsa wuta. Bai waiwayo ba.

A tashar gaba Preston ya wanke ciwon, ya manna filasta, yana ta maimaita cewa shi tun farko ya san za a yi haka. Otis ya kau da kai. Abinci ma bai ci ba, yana nan zaune a tsakiyar jirgi kusa da rigarsa. Delphine ta ɗauka baƙin cikin igiya ne. Ta ɗauki waya, ta rubuta da zafin zuciya.

"Ka ji wa mahaifina ciwo, ka yanke abin da ya rage mana na Mama, ko haƙuri ba ka bayar ba. Baba ya yi gaskiya. Kada ka sake nemana."

Kafin rana ta faɗi amsa ta shigo.

"In tsanata za ta fi miki sauƙi, ki tsane ni, 'Yar Kyaftin. Abu ɗaya nake roƙo. A ƙofar gaba, ke ki riƙe igiya. Ko me zai ce, kada ki bar masa. Ina son ki."

Ta jefar da wayar kan gado. Wato har yanzu tsohon yake ɗora wa laifi? Kai, namiji!

Da sassafe ta fito da bokiti za ta wanke jinin da ya bushe. Tun kafin ta zagayo ta ji wani ɗan ƙara, ƙwas, ƙwas, da numfashi sama-sama. Ta leƙa.

Mahaifinta ne durƙushe, ya yaye rigar. Ga ragowar igiyar Lucille naɗe a ƙahon jirgi, an gitta ta an kuma kulle, irin ƙullin da shi kaɗai ke yi da hagu. Nauyin jirgin ya matse ta har ta zama kamar ƙarfe. Yana ta ƙoƙarin cusa sukurdireba ya ɓanɓare, amma yatsunsa sun ƙi rufuwa a kan mariƙin. Ya faɗi, ya ɗauka da hannu biyu, ya sake faɗuwa.

Bokitin ya kuɓuce mata.

"Baba. Ɗaure ta ka yi."

Bai ɗago ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Hannuwan sun tafi, Delphine," ya ce. "Tun bara. Sai su mutu min, ba na jin komai. Shi ya sa na ba ki sitiyari. Jiya iska ta ja, na ji igiyar na zamewa, na ce bari in ɗan ɗaura kafin yatsun su dawo. Sai turken ya cije." Ya share fuska da bayan hannu. "Yaron nan tun ranar musabaha ya gane. Ya ce in faɗa miki. Na ce in ya kuskura ya buɗe baki, sai na tsine wa duk abin da ke tsakaninku."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da kin sa ni a mota kin mai da ni gida. Na yi wa uwarki alkawari da kaina zan kai shi." Ya miƙa hannuwan yana kallonsu. "Da waɗannan na gina gidan da aka haife ki. Yau igiya ta gagare su."

Haushi da tausayi suka haɗu suka rufe ta. Ta so ta yi masa faɗa, sai ta samu kanta durƙushe ta rungume shi.

"Da mun kife fa, Baba? Da ka mutu, da ni ma. Kuma ka zauna kana ji ina zaginsa!"

"Na ji," ya ce. "Ban runtsa ba."

Ta ruga ta ɗauko waya, ta kira. Ba ta shiga. Ta sake, ta sake. Ƙasan magudanar nan daji ne, sabis sai an dace, Junebug kuma ya fi su gudu nesa ba kusa ba. In ya isa Mobile zai miƙa jirgi ya koma bakin aiki, da saƙonta na jiya a aljihunsa. Ta rubuta duk da haka.

"Mai Murya, na gani. Na ga ƙullin. Ka yafe min, don Allah ka tsaya."

Saƙon ya maƙale, ya ƙi tafiya.

Otis ya miƙe a hankali, ya hau sama. Ta bi shi. Ya ɗauki oba-oba da hannu biyu.

"Baba, kowa fa zai ji."

"Ai don kowa ya ji ne." Ya danna. "Junebug, Junebug, nan Lucille."

Shiru, sai shuuu.

"Junebug, nan Lucille." Shiru dai. A jiragen da ke tashar mutane suka fara leƙowa, don kowa oba-obansa a kunne yake. Preston ya fito da kofin kofi a hannu.

Sai wata tsohuwar murya mai kauri ta shigo. "Lucille, nan jirgin turi, ina ƙasa da ku da kayan katako. Ɗan ƙaramin nan ya wuce ni tun jiya, ya yi nisa. In saƙo ne ba ni, in miƙa wa na gabana."

Otis ya rufe ido. Ɗan jirgin turi, cikin duk mutanen duniya!

"Kyaftin, sunana Otis Landry. A faɗa wa Emmett Rudd na ce ni na ɗaure igiya a ƙofar ruwa jiya. Ni, da hannuna, don hannun ya lalace na kuma ɓoye. Ba jirginsa ya ja mu ba. Ba don wuƙarsa ba da mun kife. Na bar shi ya ɗauki laifina a gaban 'yata, na yi abin kunya." Ya gyara riƙon oba-oba. "A ce masa akwai sauran ƙofofi a gabana, kuma ba ni da mai riƙe igiya."

Preston ya dubi kofinsa, ya koma ciki a hankali.

"Na ji ka, Kyaftin Landry," in ji muryar. "Tsoho, ba kowa ke iya wannan ba. Bari in tura."

Suka ji shi yana kiran wani jirgi, yana maimaita maganar kalma bayan kalma. Can ƙasa-ƙasa suka ji wata murya ta karɓa, tana kiran wani kuma, har ta ɓace musu.

Suka tashi. A ƙofar gaba Delphine ta riƙe sabuwar igiya, wata mata daga ayarin ta hau ta tsaya kusa da Otis a sitiyari. Azahar ta yi, ba labari. La'asar ta gota, ba labari. Duk ƙarar da oba-oba ya yi sai ta zabura ta kasa kunne. Wataƙila saƙon ya mutu a hanya. Wataƙila ya ji, ya ƙi. Wa zai ga laifinsa?

Rana ta fara ja, suna shan wata kwana, sai oba-oba ya yi ƙara.

"Lucille mai gangarowa, nan wani bahon wanka a gabanki. Bi ta haguna, ki rage gudu. Kada ki tsorata, ina ganinki sarai."

Ga Junebug can ya yada anga a bakin wani rafi, ga dogon mutum tsaye da hula a hannu. Hawaye suka hana ta ganin hanya, sai da Otis ya ce, "Ke, za ki dake shi!"

Da jiragen suka haɗu, Emmett ya tsaya a nasa, bai tsallako ba.

"Ranka ya daɗe, an ba ni izini?"

"Hawo, ɗana," in ji Otis.

Ya hau. Delphine ta riƙe gaban rigarsa da hannu biyu. "Me ya sa ka yi shiru? Ka bar ni na faɗa maka waɗannan maganganu!"

"Ba nawa ba ne in faɗa, Del. Kuma ba a gaban jama'a ba, yana zaune cikin jini." Ya share mata fuska da babban yatsa. "Jirage huɗu suka kira ni yau. Na ƙarshen cewa ya yi in ban juya ba, shi zai zo ya auri yarinyar."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kai masa duka a ƙirji.

Ya koma jirginsa ya ɗauko guntun igiyar nan mai shuɗin zare, wanda ya tsamo a ruwa. Ya durƙusa ya ɓanɓare ragowar daga ƙaho, ya warware bakunan biyu, ya miƙa wa Otis.

"Saƙar nan ban gwanance ba, Baba. Kai ka faɗa, ni in sa hannu."

Ƙarya yake yi, ɗan jirgin turi da saƙar igiya! Otis ma ya sani. Amma ya zauna, ya yi ta ba da umarni, wannan ta ƙarƙashi, waccan ta sama, ja da kyau, kai ba haka ba. Igiyar ta haɗu, ta ɗan gajarce, da kumburi a tsakiya.

"Har yanzu wata guda za ka riƙa yi a ruwa," in ji Otis, bai ɗago ba.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ni na sani, Baba," in ji Delphine. "Kuma ba a bakin taga zan zauna ba, ina da aji cike da yara."

Otis ya juya igiyar a cinyarsa. "Ubana bai taɓa juyowa don kowa ba. Wannan ya juyo." Ya ja numfashi. "Na ba ka ita, Emmett. Allah ya sa albarka."

Sauran ƙofofin Emmett ne ya riƙe igiya, Junebug na biye a ɗaure. Da suka fito ta ƙarshe, ruwa ya fara ɗanɗanon gishiri. Ranar da suka shiga mashigin Mobile, Delphine ta matsa gefe, Otis ya ɗora tafukansa a kan sitiyari, ita ta ɗora nata a kan nasa. A haka suka wuce alamar da shi da Lucille suka tashi daga gare ta. Jiragen ayari suka saki hon gaba ɗaya, har da na Preston.

"Na kawo shi, Lucille," in ji tsohon a hankali. "Na kawo shi gida."

Da hutun Emmett na gaba aka ɗaura aure, a kan jirgin, tutar zinariya na kaɗawa. Fasto ya tsaya a tsakiyar dandamali, 'yan uwa suka cika tasha, gwaggwannin amarya suka dafa miyar kuɓewa da jatan lande tukunya-tukunya. Preston ya aiko da furanni, da kati mai cewa ya yafe kuɗin wankin haƙori har abada. Lokacin da fasto ya ce su riƙe hannu, Otis ya taso da farar igiya, ya zagaya ta a hannuwansu sau ɗaya, ya sa bakinta a tafin Emmett, ya rufe masa yatsu da nasa.

"A hannu ake riƙewa, ɗana," ya ce. "Kada ka sake ta."

"Ba zan sake ba, Baba."

Can a tsakiyar ruwa wani jirgin turi da ke wucewa ya saki doguwar busa. Jama'a suka ɗauki tafi, gwaggwanni na share hawaye suna cewa amin. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma dawo da Mai Murya gida lafiya a ƙarshen kowane wata.